Ido Ba Mudu Ba Ne

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san gaskiyar wannan magana. Tsohon ma'auni yakan dubi tsibin gero ya ce zai yi tiya goma, a auna kuma a tarar bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai in an lura, bayan ya faɗi kimarsa ba a biyan kuɗi sai an kawo mudu. Kima ta ishi mai wucewa, amma mai saye da mai sayarwa, da duk wanda yake son ya bar wa na baya labarin abu yadda yake, awo suke bukata. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka tanadi taƙi da kamu da gaba domin tsawo, suka kuma tanadi mudu da tiya domin hatsi. Abin da ba su bar mana ba, wanda ko a sauran duniya bai zo hannun talaka ba sai a 'yan shekarun nan, shi ne ma'aunin siffa, watau abin da zai auna kumburin tulu da lanƙwasar ludayi da zurfin zanen da wuƙa ta bari a bayan ƙwarya, ya adana su duka da lamba.

Hoto kuwa, duk da kyansa, ɗan'uwan ido ne. Yana nuna fuskar abu daga gefe guda, ya shafe zurfinsa, ya bar mai kallo da kima. A birnin Fulorans na ƙasar Italiya akwai wani mutum-mutumi na farin dutse da ake kira David, wanda Michelangelo ya gama sassaƙawa a 1504. Da wuya a sami abin sassaƙa a duniya da aka ɗauki hotonsa kamar wannan, kuma littattafan masana sun daɗe suna rubuta cewa tsawonsa santimita 434 ne. A tsakanin 1998 da 1999 wani ayari daga Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Marc Levoy, ya tafi can da na'urar awo mai hasken leza, wadda aka ƙera bisa wannan tsawo na littafi. Ashe tsawon na gaskiya santimita 517 ne, dole sai da aka yi wa na'urar ƙari kafin ta kai kansa. Shekara kusan ɗari biyar idanu suna kallonsa, amma sai da mudu ya zo aka gane an yi masa ƙwauron santimita 83. Haka kuma a Faris, kafin gobarar 15 ga Afrilu 2019 ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame, wani masanin tarihin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya riga ya auna ginin da hasken leza, ya tara ɗige-ɗigen awo fiye da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018 bai ga gobarar ba, amma awon da ya bari ya zama shaida kan yadda ginin yake kafin wuta ta taɓa shi.

Abin da ya tsaya mini a rai game da waɗannan labarai biyu shi ne, manyan abubuwa suna da masu auna su. Akan ware musu kuɗi, a tashi ayari, a loda na'urori cikin jirgi domin su. Amma babu wata jami'ar ƙetare da za ta tashi ayari saboda akushin kakarka, ko zungurun lallen da ke rataye a ɗakin innata. Irin waɗannan kaya, in ba mu auna su da kanmu ba, to babu mai aunawa har su ƙare.

Mu da muke zaune a nan Kudu mun fi kowa ganin yadda suke ƙarewa. Ƙwaryar da za ta yi shekaru masu yawa a ragaya a Katsina ko Damagaram, a nan 'yan daminu kaɗan sun ishe ta yin funfuna, ƙwari kuma su bi ta da huji. Kwanon roba da na silba sun riga sun karɓe aikinta a madafa. In kaya ya tafi kuwa, sunansa ba ya daɗewa a baki. Na sha tambayar ƙannenmu da aka haifa a Sabon Ibadan ko Agege bambancin masaki da ƙoƙo, ko gyanɗama da jallo, sai in ga sun san kalmomin da ji, amma ba su taɓa riƙa abubuwan a hannu ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun yi mana babban aiki wajen adana kalmomi, sai dai ƙamus zai gaya maka masaki babbar ƙwarya ce, ba zai iya nuna maka inda ƙwarya ta tsaya masaki ya fara ba.

Goggona, yayar mahaifina, ta zo Kudu tana amarya, kuma cikin kayan jerenta akwai wata ƙwarya da ta gada daga mahaifiyarta. Farar ƙwarya ce a asali, amma shekaru sun mai da ita launin zuma. An zane bayanta da wuƙa mai zafi, akwai dagi a gefe guda, kuma ta taɓa tsagewa gyartai ya ɗinke ta. Goggo ba ta aiki da ita yanzu, tana naɗe cikin tsohon zane a ƙasan akwati. Da na ga ƙananan hujojin ƙwari sun fara bayyana a gindinta, sai na durƙusa na gabatar da buƙatata.

“Goggo, ina roƙon aron ƙwaryar nan ta kwana biyu.”

“Me za ka yi da ita, ɗan nan? Fura za ku dama a makarantar taku?”

“Auna ta zan yi, Goggo.”

Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, “Ikon Allah. Da ita ake awo, yau kuma ita za a auna?” Daga bisani ta ba ni, bisa sharaɗin kada ruwa ya taɓa ta, kada in bar ta a rana, in kuma dawo da ita kafin Juma'a.

Kayan aikin da muka tara ba su da yawa: kyamara guda wadda ake iya tsayar da saitinta da hannu, kwamfutar tafi-da-gidanka, takarda mai zanen gidaje baƙaƙe da farare a jere, da majigin da ake nuna darasi da shi a aji. Wani abokina, ɗalibin sashen safiyo, shi ne ya san lissafin, ni kuwa na kawo ƙwarya da haƙuri. Kalmar majigi kanta tana da tarihi a wurinmu. Ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba tsohuwar fitilarsu ta nuna hotuna, kuma a zamanin mulkin mallaka da ita aka san motocin da ke yawo gari-gari suna kafa farin ƙyalle a dandali, suna nuna wa jama'a finafinan tsabta da noma. A wancan lokaci majigi shi ke magana, mu muna saurare. A aikin da zan bayyana, tambaya muka sa shi ya yi, ƙwarya ta ba da amsa.

Domin a gane yadda hakan ke yiwuwa, mai karatu ya miƙa hannunsa ya ɗaga babban yatsa, ya rufe idon hagu ya duba, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na dama. Zai ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri. In ya matso da shi kusa da hanci tsallen zai ƙaru, in ya nisanta shi zai ragu. Idanu biyu da abin da suke kallo sun haɗa alwatika ke nan. In an san tsawon gindin alwatika, watau tazarar da ke tsakanin idanun, aka kuma san kusurwoyi biyu da ke kan wannan gindi, to lissafi zai fitar da nisan abin ba tare da an taɓa shi ba. Da wannan dabara 'yan safiyo suka daɗe suna auna ƙasa, da ita kuma ƙwaƙwalwarmu take gane kusa da nesa.

Ana iya sa kyamara biyu su tsaya a madadin idanu biyu, amma akwai cikas. Ta yaya kwamfuta za ta san cewa wannan ɗigo da ke cikin hoton hagu shi ne wancan da ke cikin hoton dama? A jikin tulu mai launi ɗaya, ko'ina kama yake da ko'ina. Maganin wannan shi ne a cire kyamara guda a sa majigi a gurbinta. Majigi kyamara ce da aka juya: ita tana karɓar haske ta ido guda, shi kuwa yana fitar da haske ta ido guda. Tun da yake mu ne muke umartarsa wane layi zai haska wane zai bari a duhu, mun riga mun san kusurwar da kowane layin haske ya bi ya fita. Abin da ya rage shi ne kyamara ta gane wane layi ne ya sauka a kan wane wuri a jikin ƙwaryar.

Nan ne aikin ya koma kamar raɗin suna. Hoton majigin da muka yi amfani da shi yana da layuka 1024 a tsaye da 768 a kwance. Da farko akan haska rabin fili a bar rabi a duhu, a ɗauki hoto. Kamar an tambayi kowane ɗigo a jikin ƙwaryar ne, kana gabas ko yamma? Sa'an nan a sake raba kowane rabi biyu, a sake tambaya, a ɗauki hoto. Haka za a yi ta rabawa, ratsin hasken yana ƙara sirancewa, har sau 10. In aka riɓanya biyu da biyu har sau goma ana samun 1024, don haka tambaya goma ta isa a bambanta kowane layi da ɗan'uwansa. A ƙarshe kowane ɗigo ya sami suna mai harafi goma, kowane harafi ko dai haske ko duhu, kuma sunan shi ne lambar layin da ya sauka a kansa. Tsarin jera sunayen da aka fi amfani da shi na wani masani ne mai suna Frank Gray, na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, wanda aka ba shi takardar mallakarsa a 1953 domin aikin sadarwa. Hikimar tsarin ita ce, sunayen maƙwabta biyu ba sa bambanta sai da harafi guda. Saboda haka in kyamara ta rikice a bakin iyakar haske da duhu, kuskurenta bai wuce ta ba ɗigo sunan maƙwabcinsa ba.

Akwai kuma wata dabara. Wurin da wuƙa ta ƙona ya yi baƙi, ko an haska shi ba ya kai farin wuri haske. Don kada kwamfuta ta ɗauka duhu ne, akan nuna kowane ratsi tare da kishiyarsa, inda fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, a gwama hotunan biyu a ga wanne ya fi haske. Ratsi 10 na tsaye da 10 na kwance, kowanne da kishiyarsa, sun zama 40. In an ƙara hoton fari fat da na baƙi ƙirin, an sami hotuna 42 domin gefe guda na ƙwarya.

Ba mu muka ƙago ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ya kamata a ambaci waɗanda suka sauko da shi daga manyan ɗakunan bincike zuwa kan tebur. A 1998 Jean-Yves Bouguet da Pietro Perona na cibiyar Caltech a Amurka sun nuna cewa ko majigin ma ba dole ba ne: fitilar tebur da kyamara da 'yar sanda sun isa, ana kaɗa sandar a gaban fitila, inuwarta tana ratsa jikin abu, ana auna lanƙwasar inuwar. A 2000 Zhengyou Zhang ya buga hanyar sanin halin idon kyamara ta hanyar nuna mata takarda mai gidaje baƙaƙe da farare daga kusurwoyi dabam-dabam. A 2009 Douglas Lanman da Gabriel Taubin na Jami'ar Brown suka shirya darasi cikakke kan yadda mutum zai haɗa na'urar ɗaukar siffa da kansa, a 2012 kuma Daniel Moreno da Taubin suka fitar da hanya mai sauƙi ta daidaita majigi da kyamara, tare da manhajarta kyauta. Da wannan manhaja muka yi aiki.

Mun fara bayan sallar isha'i, domin aikin ba ya son wani haske sai na majigi. Muka toshe tagogi da barguna, muka kashe fanka don kada ta girgiza komai. Muka ɗora majigi a kan tebur, kyamara a kan ƙafafunta uku a gefensa, tsakaninsu kimanin kamu guda, dukansu suna fuskantar wuri ɗaya. Aikin farko shi ne daidaitawa. Mun liƙa takardar nan mai gidaje a jikin gilashi don ta miƙe sosai, abokina ya auna faɗin kowane gida da rula ya shigar da lambar, domin daga wannan 'yar lamba duk sauran awon zai sami ma'auninsa. Majigi ba ya gani, don haka sai an zuba ratsinsa a kan takardar, kyamara ta duba ta gaya masa inda haskensa ya sauka. Muka yi haka muna karkata gilashin ta fuskoki iri-iri, har kwamfuta ta san tazara da kusurwar da ke tsakanin idanunta biyu. Daga wannan lokaci doka ɗaya ce: kada a taɓa majigi, kada a taɓa kyamara. In ɗayansu ya gusa ko da kaurin farce, gindin alwatika ya canza, sai a koma farko.

Sa'an nan muka kifa ƙwaryar a kan gammo bisa wani zagayayyen katako da muka raba gefensa kashi 12. Ratsin da ya sauka a bangon baya miƙaƙƙe ne sak, amma da ya hau bayan ƙwaryar sai ya lanƙwashe ya bi tudunta, ya ɗan karye a duk inda wuƙa ta ratsa. Wannan lanƙwasa da karyewa su ne awon. Ƙwaryar Goggo ta yi ta sauya tufafi a gabanmu, daga manyan ratsi irin na jakin dawa zuwa ƙanana irin na saƙi. In an gama hotuna 42 sai a juya katakon kashi guda a sake farawa. Juyi 12 ya ba mu hotuna 504 na bayanta kaɗai. Muna kan juyi na bakwai aka ɗauke wuta. Muka zauna cikin duhu da zufa kusan sa'a guda, babu wanda ya yarda ya motsa ƙafarsa don tsoron tuntuɓe da ƙafar kyamara. Da wuta ta dawo kuma sai ga shinge sun sami kafa sun shigo suna rawa cikin hasken, duk hoton da ɗaya ya gitta sai an sake shi. Asuba ta kusa kafin mu gama.

Dare na biyu muka ɗauki cikin ƙwaryar, muka kuma gwada wasu kaya, a nan muka ga cewa kowane abu da halinsa a gaban haske. Tulun yumɓu ya fi kowa biyayya, domin jikinsa ba ya ƙyalli, yana watsa haske daidai ta ko'ina. Tasar tagulla ta ƙi sam: tana mai da haske kamar madubi, wani wuri ya kashe ido wani ya yi duhu, siffarta ta fito da ramuka. Masu wannan aiki sukan fesa wa irinta farar hoda, amma ba a yi wa kayan gado na aro haka. Akushi kuwa haɗiye hasken yake yi saboda baƙinsa, sai an bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci kafin a sami abin kirki. Cikin ƙwaryar ma ya ba da wahala, domin haske yana dukan gefe guda ya faɗa wa ɗaya gefen, wurin da ya kamata ya zauna a duhu ya sami hasken aro, sunansa ya gurɓace. Sai da muka rage ƙarfin majigi muka karkata ta kafin ta yarda.

Abin da kwamfuta take fitarwa daga kowane juyi tarin ɗige-ɗige ne masu yawo a sarari kamar hazo, kowanne da lambobi uku na tsawo da faɗi da zurfi. Ɓangarori ne dabam-dabam, kamar sakainu, sai an haɗa su. Mun yi wannan da manhajar MeshLab, wadda masu bincike a birnin Pisa na Italiya suka yi suka bayar kyauta. Aikin gyartai ne sak: a nemo inda sakaina biyu suka yi tarayya, a matso da su har su dace, a ɗinke. Da aka gama sai ga ƙwarya cikakkiya tana juyawa a fuskar kwamfuta. Bakinta, wanda ido yake rantsuwa da'ira ce, ya fito santimita 31 ta wata fuska, 29 ta wata. Da muka cire launi muka bar siffa tsirara, muka kwantar da hasken kwamfuta ya bi gefenta, sai abubuwan da launin zuma ya ɓoye suka bayyana. Ana ganin kowane hujin basillar gyartai, ana ganin inda wuƙar mai zane ta nutse da inda ta yi sama-sama. A leɓen ƙwaryar kuma, daura da dagin daga can ɗaya gefen, akwai wani ɗan kwari mai santsi, wanda ni da na riƙe ta kwana biyu ban lura da shi ba.

Ranar Alhamis na mayar da ita, na kuma tafi da kwamfutar na nuna wa Goggo. Ta daɗe tana kallon siffar tana juyawa ba ta ce komai ba. Da na tsayar da ita a kan ɗan kwarin nan na tambaye ta ko ta san dalilinsa, sai ta ɗauki ƙwaryar ta gaskiya ta ɗora babban yatsanta a wurin, ya zauna daram.

“Nan Inna take riƙewa,” in ji ta. “In za ta miƙa wa baƙo ruwa, sai ta juya dagin ya fuskance shi. Ba ta taɓa ba mutum bayan zane ba.”

Na'ura ta auna zurfin kwarin har zuwa abin da bai kai milimita ba, amma da babu Goggo da sai dai mu rubuta cewa leɓen ya cinye a gefe guda. Siffar da muka ɗauka ba ta da nauyi, ba ta da ƙamshin nono, kuma ba ta san hannun da ya riƙe ta ba. Saboda haka awo rabin aiki ne, ɗaya rabin yana bakin tsofaffi, kuma wannan rabin aikinmu ne mu ɗaliban harshe.

Akwai kuma batun wanda ya mallaki awon. A 1912 wani ayarin Jamusawa ƙarƙashin Ludwig Borchardt ya tono sassaƙen kan sarauniya Nefertiti a Amarna ta ƙasar Masar, aka kai shi Barlin, kuma Masar ta daɗe tana neman a dawo mata da shi. Gidan tarihin da ke riƙe da shi ya sa an ɗauki siffarsa da na'ura mai inganci, amma bai sake ta ga jama'a ba, sai da wani Ba'amurke mai suna Cosmo Wenman ya shafe shekara uku yana nema ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai ta Jamus, kafin ya same ta ya watsa a 2019. Wannan ya nuna cewa awon abu ma dukiya ce, ana iya kulle shi kamar yadda ake kulle abin kansa. Wanda ya auna shi ke riƙe da makulli. Don haka ban bar gidan Goggo ba sai da na tambaye ta wa ta yarda ya gani. Ta ce 'ya'yanta su sami nasu, ɗalibai kuma su kalla su koya, amma kada a sayar. Na rubuta wannan sharaɗi na ajiye shi tare da siffar.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala alhali wayar hannu tana yin irin wannan aiki? Tambaya ce mai kyau. Na'urar wasa ta Kinect da kamfanin Microsoft ya fitar a 2010 da ɗige-ɗigen hasken da ido ba ya gani take auna ɗaki, wayar iPhone X ta 2017 kuma tana gane fuskar mai ita ne ta hanyar watsa mata irin waɗannan ɗige-ɗige kimanin 30,000. Duk jikokin alwatikar nan ne. Akwai kuma manhajojin da ke gina siffa daga hotuna masu yawa da aka ɗauka ana zagaya abu, kuma ga turmi ko bangon da aka yi wa ado suna yin aiki mai kyau. Wanda ba shi da majigi ya yi amfani da su, ya fi zama haka nan. Sai dai suna rikicewa a kan jiki mai santsi da launi ɗaya, saboda cikas ɗin nan da na ambata, wasunsu kuma sai sun aika da hotunan zuwa rumbun kamfani kafin su dawo da sakamako. Bugu da ƙari, wanda ya auna gidan takarda da rula da hannunsa ya san inda kowace lamba ta fito, ya san inda zai yarda da ita da inda zai yi shakka.

Shawarata ga sashenmu ƙarama ce. Majigi yana nan, da rana yana aiki, da dare yana kwance cikin kabad. Ɗaliban safiyo da na injiniya maƙwabtanmu ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Duk ɗalibin da zai dawo daga hutu ya aro abu guda daga gida da yardar mai shi, ko ludayi ne ko shantu ko tsohon allo. A ɗauki siffarsa, a rubuta sunansa da yadda ake kiransa a Sakkwato da Kano da Zariya in sun bambanta, da wanda ya yi shi in an sani, da aikin da ake yi da shi, da karin maganar da ya shiga, a naɗi muryar mai shi yana ba da labarinsa. A ajiye kwafi a wurare uku dabam-dabam, domin abin da ke cikin kwamfuta ma yana mutuwa, wani lokaci kafin ƙwaryar. In aka yi wa abu 20 haka a shekara, cikin shekara goma muna da 200, kuma ɗalibin da zai zo bayanmu in ya karanta kalmar gyanɗama zai iya juya ta ya ga wuyanta da gindinta. Kayan suna nan a ƙasan akwatuna, tsofaffin da suka san labarinsu ma suna nan da ransu, amma ƙwari ba su daina aiki ba, shekaru ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.